“Mun Yafe”: Mota, Diyya da Sulhu a Ƙasar Kano

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare wata motar haya ta banke ƙanin mahaifina a kan titin Zariya, yana bisa kekensa da sassafe zai tafi shagonsa na kafinta. Ƙashin cinyarsa ya karye gida biyu. Bayan kwana uku, ana idar da sallar la’asar, sai ga baƙi a zauren gidanmu: mai unguwa, da limamin masallacinmu, da shugaban tashar da motar take lodi, da direban kansa, wani saurayi wanda ya durƙusa can bakin tabarma bai ɗaga kai ba har aka tashi. Ni aka aika in kawo ruwa, na kawo na rakuɓe a bakin ƙofa.

Shugaban tashar ne ya yi magana. Ya ce, “Malam, da kunya muka zo. Yaron nan namu ne, motar ma ba tasa ba ce, kuma tana hannun ’yan sanda. Abin da Allah Ya rubuta ba makawa. A yi mana aikin gafara.”

Mahaifina ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, “Alhaji, ba komai. Mun yafe, duniya da lahira.”

Liman ya yi addu’a aka shafa. Suka ajiye kuɗin da ya biya ɗawainiyar asibiti ta makon farko. Kashegari mahaifina ya je ofishin ’yan sanda ya sa hannu a takardar janye ƙara, aka saki mota. Baffa kuwa ya yi wata bakwai a kwance, tsakanin asibiti da hannun mai ɗori, ya tashi da ɗingishi, bai kuma ƙara iya tsayuwar yini guda a gaban katako ba.

Shekaru bayan haka, da na shiga jami’a ina karatun tarihi, sai wannan zama na zaure ya riƙa dawo mini da wata tambaya. Mu al’umma ce da ta gaji shari’a mai ƙididdige haƙƙin ɗan Adam gaɓa-gaɓa, har farcen yatsa bai kuɓuce mata ba. Muna kuma ƙarƙashin dokar ƙasa wadda ta tilasta wa kowace mota inshora tun kafin a haifi mahaifina. To, ta yaya mutumin da mota ta naƙasa yake fita daga tsakanin waɗannan dokoki biyu hannu rabbana?

Kafin mota akwai doki, da raƙumi, da jaki, kuma su ma suna take mutane. Littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka yi hukunci da su, wato Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, ba su bar wannan babi a buɗe ba. Risala ta ɗora alhakin abin da dabba ta taka a kan wanda yake bisa kanta, ko mai janta, ko mai korarta. Ke nan tun ƙarni na goma an san cewa abin hawa ba ya ɗaukar laifi, mai sarrafa shi ne yake ɗauka. Ran ɗa Musulmi da aka kashe bisa kuskure diyyarsa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya rabin diyya ne, ido ɗaya ma haka. Yatsa raƙuma goma, haƙori biyar. Raunin da ba a yanka masa farashi ba kuwa alƙali ne yake kimanta shi, bayan an jira ya warke an ga irin tawayar da ya bari. Wannan jira yana da hikima: ba a rufe magana a kan ciwon da ba a san ƙarshensa ba tukuna.

Sai dai ginshiƙin wannan tsari ba yawan raƙuman ba ne. Ginshiƙinsa shi ne aƙila, wato dangin mai laifi ta wajen uba. A mazhabar Malikiyya, idan diyyar kuskure ta kai sulusin cikakkiyar diyya ko ta haura, aƙila ce take haɗuwa ta biya, cikakkiyar diyya kuma a rarraba ta cikin shekara uku. Abin da bai kai sulusi ba ne kawai mai laifi yake fitarwa daga dukiyarsa. Ma’ana, shari’ar ta san mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar raƙuma ɗari ba, don haka ta raba nauyin a kan kafaɗu da yawa. Aya ta 92 a Suratun Nisa’i ta haɗa abu biyu a kan mai kisan kuskure: kaffara, wadda haƙƙin Allah ce, da diyya, wadda haƙƙin iyalan mamaci ce, ta kuma ba su damar su bar ta a matsayin sadaka. Amma mutum ba ya sadaka sai da abin da yake da ikon karɓa. Yafiya a wancan tsari kyauta ce ta mai haƙƙi wanda ya san ko nawa ne haƙƙinsa, ya san kuma akwai alƙalin da zai karɓo masa shi idan ya nema.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ba su rushe kotunan alƙalai ba. Lugga ya hana yanke gaɓoɓi, ya kuma sa sharaɗin cewa ba a zartar da hukuncin kisa sai Gwamna ya amince, amma ya bar sauran. Littattafan majalisar shari’a ta Sarkin Kano Abbas na shekarun 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya wallafa a 1994, sun nuna majalisar da take sauraron ƙararrakin jini da na dukiya a ƙarƙashin mulkin mallaka, talakawa suna kai kukansu har gaban sarki. A cikin waɗannan shekaru ne jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1911, mota kuma ta biyo bayansa. Da fari abin hawan Razdan ce da manyan sarakuna, irin su Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda yake cikin na farko da suka mallake ta. Daga baya cinikin gyaɗa ya cika hanyoyi da manyan motocin ɗaukar kaya.

Mota ba ta zo ita kaɗai ba, ta zo da dokarta a aljihu. A Ingila, mace ta farko da mota ta kashe tana tafiya a ƙasa ita ce Bridget Driscoll, a Landan, ranar 17 ga Agusta, 1896, kuma masu binciken mutuwarta suka ce hatsari ne. Cikin shekara talatin da ’yan kai gawarwaki sun yi yawan da majalisar Ingila ta tilasta inshorar kare mutum na uku a dokar hanya ta 1930. A 1932 kuma shari’ar Donoghue da Stevenson ta kafa ƙa’idar sakaci a kan ƙafafunta: duk wanda aikinsa zai iya cutar da wani, wajibi ne ya kula, in bai kula ba ya biya. Nijeriya ta kwafi dokar inshorar a 1945, ta fara aiki a 1950. In aka duba da kyau, Bature ya isa inda malaman fiƙihu suka riga shi isa ta wata hanya dabam. Direba ɗaya ba zai iya biyan rai ba, saboda haka a tara kuɗi kaɗan-kaɗan daga dukkan masu mota, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa. Inshorar mota aƙila ce ta baƙi, waɗanda hanya ta haɗa su maimakon jini.

Abin da ya biyo baya shi ne rabuwar haƙƙi ɗaya zuwa gidaje uku. Dokar Final Kot, wadda majalisar Jihar Arewa ta zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta ɗauke hukuncin laifuffuka daga littattafan Malikiyya. Kisa ko rauni ta hanyar sakaci ya zama laifi ne da aka yi wa hukuma, ɗan sanda ne mai gabatar da ƙara, wanda aka ji wa ciwo kuwa shaida ne kawai. Neman kuɗin ramuwa a ƙarƙashin ƙa’idar sakaci ta Ingila ya koma babbar kotu, inda ake magana da Turanci, ta bakin lauya. A 1967 da 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta mai da kotunan gargajiya kotunan yanki a hannun gwamnatocin jihohi. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari’ar Musulunci kuma tsarin mulki ya taƙaita ta ga aure, da gado, da wasiyya, da waƙafi, da riƙon yara. Talakan da mota ta karya ya wayi gari yana da alƙalin da yake jin harshensa amma kamfanin inshora ba ya zuwa gabansa, da kotun da take iya tilasta wa kamfani amma shi ba shi da kuɗin shigarta, da ɗan sanda wanda yake riƙe da mota da direba amma ba aikinsa ba ne ya karɓo diyya. Cikin ukun, ɗan sanda ne kaɗai yake iya gani a ranar da abin ya faru. Shi ya sa mafi yawan waɗannan maganganu suke farawa a ofishin ’yan sanda su ƙare a can, da takardar janye ƙara.

A lokacin nan kuma hanyoyi suna ta ƙara cin mutane. An buɗe asibitin ƙashi na Dala a 1959. A ranar 2 ga Afrilu, 1972, ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama, kuɗin man fetur ya kawo kwalta da motoci, har ta kai a 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, Wole Soyinka yana shugabanta na farko. Sannan acaɓa ta zo ta cika dakunan masu karaya, har aka hana haya da babur a cikin birnin Kano a watan Janairu na 2013. Kowane mataki daga cikin waɗannan ya kalli hanya ne, ko direba, ko abin hawa. Wanda yake kwance da ƙarfe a cinya bai samu mai kallonsa ba.

Da na fara wannan bincike na zaci gudun kotu halinmu ne mu kaɗai, har na tanadi kalmomin da zan zargi mutanenmu da su. Ashe na yi kuskure. A Amurka, ƙasar da aka sani da son ƙara, mafi yawan da’awar raunin mota ba ta kaiwa gaban alƙali. H. Laurence Ross ya bi ma’aikatan kamfanin inshora masu daidaita da’awa, ya wallafa littafi a 1970 yana nuna cewa a teburinsu ake yanke mafi yawan hukuncin haɗarin mota, ta hanyar ciniki. Marc Galanter kuma ya nuna a 2004 cewa ƙararrakin da ba na laifi ba waɗanda aka kammala ta hanyar cikakkiyar shari’a a kotunan tarayyar Amurka sun faɗo daga kashi 11.5 cikin ɗari a 1962 zuwa kashi 1.8 a 2002. Su ma sulhu suke yi. Dalilinsu ma bai yi nisa da namu ba: shari’a tana cin lokaci, tana cin kuɗi, kuma ba wanda ya san inda za ta faɗi.

Bambancin yana ga abin da kowane ɓangare yake riƙe da shi lokacin da aka zauna. Ba’amurken da mota ta karya yana samun lauyan da ba zai karɓi ko sisi ba sai an ci nasara, sannan ya ɗauki kasonsa, galibi wajen sulusi. Kamfanin inshora ya san in ya ƙi biya za a iya kai shi gaban masu taya alƙali hukunci, ya kuma san kimanin abin da sukan yanke. Don haka yake lissafi ya miƙa tayi, a yi ta ja-in-ja har a tsaya a wani adadi, galibi bayan likita ya faɗi inda ciwon ya tsaya. Masana shari’a biyu, Robert Mnookin da Lewis Kornhauser, sun kira irin wannan a 1979 ciniki a inuwar doka. Kotun da ba a je ba ita ce take yanka farashin sulhun da aka yi. Tsarin nasu yana da nasa zalunci, domin mai ƙaramin ƙarfi da bashin asibiti ya dame shi yakan karɓi tayin farko ya yi asara. Amma dai ana faɗin adadi. A zaurenmu ba wanda ya ambaci adadi, domin ba inuwar kowace kotu a kan tabarmar, kuma kowa a wurin ya san haka.

Ba na raina abin da ya sa mahaifina ya yafe. Na ga direban da idona. Wanda yake tuƙa motar wani, yana kai balas kullum yamma, in an sayar da duk abin da ya mallaka ba zai biya kuɗin ƙarfen da aka sa a cinyar Baffa ba. Tsare shi a kurkuku ba zai ɗora ƙashi ba, sai dai ya ƙara yawan gidajen da ba a ɗora tukunya. Ga kuma kunya: a unguwa irin tamu, wanda ya nemi kuɗi a kan jinin ɗan’uwansa sai a ce ya ci kuɗin jini, ko a ce bai yarda da ƙaddara ba, alhali littafin da ya koyar da ƙaddara shi ne ya wajabta diyya. Akwai wani abu da na lura da shi wanda ya daɗe yana ba ni mamaki. Direban da ya kashe mutum bisa kuskure yakan je wurin malami ya tambayi hukunci, ya kuma yi azumin wata biyu a jere ba fashi. Rabin ayar da ya shafi kaffara yana nan da ransa a cikinmu, rabin da ya shafi diyya kuwa ya zama karatun zaure. Ina ganin dalili a fili yake. Kaffara mutum ɗaya take buƙata da niyyarsa. Diyya kuwa tana buƙatar jama’a da tsari: masu tarawa, da mai kimantawa, da mai tilastawa. Birni ya warwatsa dangi, ɗan Gaya yana tuƙi a Legas, ’yan’uwan ubansa ba su ma san lambar motarsa ba.

Dawo da shari’ar Musulunci a fagen laifuffuka, wanda Zamfara ta ƙaddamar a watan Oktoba na 1999, Kano ta bi sahu a 2000, ya mai da kalmar diyya cikin kundin doka. Sai dai ya dawo da adadin ne ba tare da mai biya ba. Dinari 1,000 zinariya ce mai nauyin kilo huɗu da kwata, kuɗinta a yau ya haura naira miliyan ɗari nesa ba kusa ba. Wane direban A Daidaita Sahu ne za a kalla a faɗa wa wannan adadi? Girman haƙƙin da kansa ya zama hujjar barinsa gaba ɗaya, tunda abin da ba zai yiwu a biya ba neman sa ma kamar mugunta ne. Hukumar Hisba da zaurukan sulhu sun ɗauki nauyin sasanta mutane, an kuma buɗe kotun sasanci mai ƙofofi da yawa a Kano a 2009, bayan ta Legas da aka fara a 2002. Waɗannan sun rage wa mutane wahalar zirga-zirga, amma mai sulhu ba ya ƙirƙiro kuɗi a inda babu.

Kuɗin kuwa, a takarda, akwai su. Inshorar mutum na uku an yi ta ne musamman domin mutum irin Baffa, wanda ba shi ne mai mota ba, ba kuma shi ne kamfani ba. Dokar inshora ta 2003 ta ma tanadi asusu domin waɗanda direban da ba shi da inshora, ko wanda ya gudu ba a gane shi ba, ya kashe ko ya naƙasa. Shekara da shekaru kuɗin inshorar ƙaramar mota naira 5,000 ne, sai a watan Janairu na 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta mai da shi naira 15,000, a Fabrairun 2025 kuma rundunar ’yan sanda ta fara kamen masu yawo babu ita. Amma a idon direban tasha wannan takarda ta shingen hanya ce, ana nuna ta a wuce. Da yawa ana sayen ta ne a gindin bishiya tare da sauran takardun mota, ba tare da an san ko akwai kamfani a bayanta ba. Wasu kuma suna ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca da malamai suka yi magana a kai, ko da yake tun 2013 hukumar ta fitar da ƙa’idojin takaful, inshorar taimakekeniya wadda aka gina bisa fiƙihu.

A nan ne na ga wani abu a tarihi da ya kamata a ce malamanmu sun fi yawan ambato. Aƙila ba ta tsaya cak a kan dangin jini ba ko a farkon Musulunci. Da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kafa diwani, wato rajistar mayaƙa masu karɓar albashi, sai aka mai da diyya a kan waɗanda suke rajista ɗaya da mai laifi, ana cire ta daga albashinsu. Da zaman jama’a ya sauya, aka sauya masu ɗaukar nauyi, aka bar nauyin yadda yake. Shugaban tashar da ya zo zaurenmu, in an lura, aikin aƙila ya zo yi: ya tsaya wa ɗansa, ya nema masa afuwa, ya haɗo ɗan abin da aka ajiye. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, tana da rajista, tana da rassa a tashoshin mota, tana karɓar kuɗin tikiti daga motocin haya. Duk kayan aikin diwani suna hannunta. Abin da ta gada daga aƙila shi ne roƙon yafiya. Biyan kuwa ba wanda ya taɓa ɗora mata shi, ita ma ba ta nema ba.

Bara, lokacin da nake haɗa wannan rubutu, na je gaida Baffa. Yanzu yana zaune ne a bakin kasuwa yana sayar da ƙusa da fatar goge katako, kafintocin da ya koya wa aiki su ne masu sayensa. Na ba shi labarin abin da na karanta, na gaya masa cewa a littafin Malikiyya raunin da bai kai ga rai ba haƙƙin mai raunin ne shi kansa, shi ne mai karɓa, shi ne mai yafewa, kuma ba a kimanta shi sai ya warke. Na tambaye shi ko da an ba shi zaɓi a wancan lokaci zai kai ƙara.

Ya yi dariya ya ce, “Kai ɗan nan, ƙara kuma? Ina ni ina kotu? Da an tambaye ni, ni ma cewa zan yi na yafe.” Ya ɗan yi shiru yana jera ƙusoshi a cikin gwangwani. “Amma ka san ranar da suka zo ina asibiti, an yi mini allurar barci. Sai da Yaya ya zo da daddare yake gaya mini an gama magana.”

Na ce, “Baffa, ba ka ce masa komai ba?”

Ya ce, “Me zan ce? Yayana ne.” Sai wani yaro ya zo sayen ƙusa ’yar inci uku, ya juya yana auna masa.